Rokar Malam a Gonar Maiwar Inna

Duk ranar da rediyo ya kawo labarin an harba roka sama, ko ta tashi ko ta tarwatse, sai in yi tsaki in rage murya. Jikokina suna zaton tsufa ne ya sa. Ba tsufa ba ne. Na taɓa ganin roka ido da ido a tsakiyar gonar mahaifiyata a Wagini, kuma ƙanena ne ya ƙera ta, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana nan da ransa a Katsina, cikin gida mai bene. In wani ya karanta masa wannan ya ji haushi, to ya ji, ni na fi shekara arba'in ina jin nawa.

Abin ya faru bayan babban farin nan da ya kashe shanu ya share rumbuna, a shekarun da ake ta cewa ƙasa ta samu arzikin mai. Mu dai a Wagini ba mu ga mai ba. Abin da muka gani wata babbar mota ce da ta zo ta juye bututun ƙarfe a bakin hanyar Batsari, aka ce na ruwan famfo ne, masu haɗawa suna tafe. Har yau suna tafe. Awaki suka mayar da tarin wurin hawa da sauka.

Inna tana da wani irin maiwa da ta zo da shi daga gidan ubanta a Babban Duhu tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Fara ce tas, zangarniyarta gajeruwa mai kauri, furarta kuwa ko ta kwana ba ta tsami da wuri. Matan Fulani masu kawo nono sun san ta, in sun shigo sai su ce a dama musu ta tsohuwa. Da fari ya tsananta kowa ya cinye irinsa, har dangin Inna na Babban Duhu. Ita kuwa ta zuba ƙwarya guda a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Muna cin dusa da tafasa, tana kwana a kan tulun nan, ba wanda ya isa ya kalle shi sau biyu. Da ruwa ya dawo sai ta ce iri ya fara tsufa, in bai shiga ƙasa bana ba zai mutu a tulu. Muka shuka shi duka a gonarta ta bakin fadama, ko ƙwaya ba ta rage ba. Ke nan duk abin da ya saura na irin maiwar nan yana cikin gona guda.

Matsalar maiwa ita ce ba ta nuna sai gero ya daɗe da shiga rumbu, daidai lokacin da tsuntsayen jan baki ke fitowa daga dajin Rugu. Ɗayansu bai cika tafin hannu ba, amma in sun taso sai rana ta dushe, in kuma sun sauka a gonar da ba mai tsaro, kwana kaɗan sai kara. Yadda muka gada shi ne a kafa rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kusurwa huɗu, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mutum ya hau da majajjawa, yana jan igiya yana ihu. Maƙwabta su aiko da mata da yara, yau a gonarka gobe a tasu. Wahala ce, murya tana dishewa, amma ana tsira da abin da aka tsira da shi.

A shekarar ne mutum biyu suka tashi za su raba mu da wannan wahala, kuma da sun bar mu da abinmu da ya fi.

Na farko maƙeri ne a Darini, ƙauyen da ke kusa da mu, sa'ana, tare aka yi mana kaciya. Bayan fartanya da lauje yana gyaran bindigar maharba, saboda haka albarushi ba baƙonsa ba ne. Wata rana ya ɗura albarushi a guntun gora, ya ɗaura mata kara, ya kunna don ya ga abin da zai faru. Abin da ya faru shi ne ta fashe ta tafi da kan ɗan yatsansa. Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa ya naɗe hannu da tsumma ya ɗura wata. Ta biyu ta ƙi tashi, ta uku ta bi ƙasa ta shige tarin harawar maƙwabcinsa, wata ta faɗa rugar Fulani ta watsa maruƙa har ardo ya kai ƙara. Mai gari ya ce in kashe kansa zai yi, ya je cikin yashin rafi ya yi. Can ya koma. Kullum da la'asar sai ka ji dam! mata su ce mahaukacin ya fara. Gira ba ta sake tsira a fuskarsa ba duk shekarar.

Kada wani ya zaci yabonsa nake. Mutumin nan in ka tambaye shi me ya sa wannan ta tashi waccan ta ƙi, sai ya sosa ƙeya ya ce Allah ne ya so. Ba ya aunawa, ba ya rubutawa. Sai dai duk wadda ta fashe sai ya bi yashi ya tsinto ɓaraguzanta, ya juya, ya sansana, ya sake wata da ɗan bambanci. Kan nasa bai san komai ba, hannun ne yake koyo, shi ma da ƙyar.

Na biyu shi ne ƙanena, autan Inna. Ya gama kwalejin horon malamai a Katsina, aka ba shi aji a firamare a Batsari, ya yi keke da farin wando. Tun daga ranar kowa ke ce masa Malam, har Inna da ta goye shi. Yana kwaleji lokacin da aka ce Turawa sun taka wata, abin ya shiga kansa bai fita ba. Ya dawo da wani littafin Turanci mai hotunan rokoki, kowace ta fi kuka tsawo, yana buɗe shi da kan yatsa kada ya yi datti. Ni yaƙi da jahilci na yi, Hausa nake karantawa, saboda haka hotuna kawai nake kallo, shi yana fassara mini yana ɗaga hanci.

Wata rana da bazara muka biya maƙerar Darini tare zan karɓi gyaran galma. Muka tarar da maƙerin yana fere gora. Malam ya tsaya nesa, ya toshe hanci da hankici, ya kalli hannun nan mai naɗi, ya juyo gare ni sai ka ce mai wurin ba ya nan.

"Yaya, su ma can ƙasashen iri biyu ne. Akwai masu irin aikin bawan Allahn nan: su ƙera, su kunna, ta fashe, su tsince, su sake. Ɓarna ke nan da ganganci. Akwai kuma masu ilimi, su zauna shekara da shekaru suna lissafi, ba sa ƙyasta ashana sai sun tabbata ba kuskure. Su ne suka taka wata."

Maƙerin bai ɗago ba. Ya ce, "To Malam, su masu ilimin, har suka kai watan ba wanda ya ƙone gira?"

"Wanda ya yi lissafi ba ya ƙonewa."

"Allah shi ba mu lissafi," in ji maƙerin, ya ci gaba da aikinsa.

A hanyar komawa Malam ya shimfiɗa mini shirinsa. Shi ba 'yan gorori zai yi ba. Guda ɗaya zai yi, babba, wadda za ta tashi sama ta yi ƙara guda da za a ji har Safana, jan baki su koma Rugu su ba jikokinsu labari. Sau ɗaya za a kunna ta, sau ɗayan kuma ya isa. Na ce, "Ba za ka fara gwada ƙarama ba?" Ya yi mini irin murmushin da yake yi wa ɗan aji ɗaya. Ya ce gwaji na wanda bai san amsa ba ne.

Ya zaɓi bututu guda a tarin nan na bakin hanya, ya ce aro ne, muka jawo shi gida da jaki. Bututun ya fi ni tsawo, kaurinsa ya kai cinyata. Malam ya bi maharba ƙauye-ƙauye yana tara albarushi. Da aka zo ga yi wa rokar fukafukai sai ilimi ya ƙare, dole ya koma wurin mutumin da ya toshe wa hanci. Maƙerin ya yanka kwanon rufi ya ƙera masa yadda ya zana, amma da ya ji za a ɗura tun yanzu, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ja masa kunne.

"Malam, wanga abu ba sai kaka za ka kunna shi ba? To kak ka ɗura yanzu. Albarushi yana shan sanyin damina kamar gishiri. Ko maharbi sai ya shanya nashi."

Malam ya ce zai toshe ko'ina da kyandir, iska ba ta da hanya, kuma littafi bai ce a shanya ba.

"To ka riƙa ɗibar cokali guda kana kunnawa ka gani."

"Kowane cokali yana cikin lissafi."

Aka ɗura, aka liƙe, aka kwantar da ita a zaurenmu, a jikin bangon da damina ke jiƙawa kowace shekara. Nan ta yi wata huɗu, kaji suna hawa kanta.

Wata huɗun nan Malam bai zauna banza ba, wannan kam na shaide shi. Duk Asabar da Lahadi yana kan tabarma a zaure da littattafan rubutu na makaranta, yana lissafin nauyi da tsawo da iska. In ya ga kuskure sai ya yage takardar, ya dunƙule, ya wurgar, ya fara daga farko. Muna noman fari yana lissafi, muna maimai yana lissafi. Sau ɗaya ya zo gona, da igiyar awo, ya auna ta ya koma, ko ciyawa ɗaya bai tsinke ba.

Inna ce ke bin bayansa. Irin tsofaffin nan ne da ba sa iya ganin rubutu a ƙasa su wuce, ko yagen jarida ne, gudun kada a taka sunan Allah. Sai ta tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ta warware, ta miƙe su a gwiwa, ta jera a faifai. Ran nan ta tambaye shi, "Malam, akwai sunan Allah a cikin waɗanga?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, lissafi ne. Ki hura wuta da su." Ba ta hura ba. Ta ci gaba da tarawa, mu kuma muka ci gaba da yi mata dariya.

Maiwa ta yi kyau a shekarar, irin kyan da ke sa gaban manomi faɗuwa. Ta fid da kai, ta yi bununi, ido ya fara cika. Na kafa rumfa, na ja igiyoyi, na shirya da maƙwabta. Sai ga labari daga wajen Safana cewa jan baki sun fito.

Kashegari maƙerin ya zo gidanmu da damin gorori shida a kafaɗa. Zuwa lokacin abin nasa ya fara jin magana. Ba duka ba, wata takan bi gefe, wata ta yi tusa ta mutu, amma mafi yawa sukan tashi su wuce kan giginya su yi ƙara, har manoman Wagini sun fara kiransa ya tsaya musu a gona. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce kyauta ya kawo, ya sha furar maiwar nan tun yana yaro, ba zai so irin ya ɓace ba. Malam ya fito daga zaure ya ce ba za a shiga gonar uwarsa da kayan mahaukata a ƙone mata amfani ba, alhali ga aikin ilimi a kwance.

Inna ni ta kalla. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba, amma kallon nan na san shi: kai ne babba, ka yanke. Ni kuwa, sakaran banza, na ce a bi ta Malam. Ba don na yarda da bututun ba. So nake a ce a gidanmu aka yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Batsari, kuma ina tsoron ƙanena ya yi mini irin kallon da ya yi wa maƙeri. Gaskiyar magana ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Maƙerin ya ɗauki daminsa, ya ce Allah shi kyauta, ya tafi gonar maƙwabcinmu.

Mu shida muka ɗauki rokar zuwa gona. Malam ya ce a rushe rumfa a kwance igiyoyi, za su tare mata hanya. Da hannuna na rushe. Aka kafa ta a gurbin rumfar, tsaye a kan ƙafafu uku na itace, ya shafa mata farar ƙasa, ya rubuta wani abu da Turanci a jiki. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne mutane. Da gari ya ji an tsayar da bututu cike da albarushi a gonarmu, ba uwar da ta sake barin ɗanta ya doshi wurin. Matan maƙwabta suka ce su ba su gaji da duniya ba. Matata ma ta ce in mutuwa nake so in tafi ni kaɗai. Gonar da ya kamata a ce mutum goma suna ihu a cikinta ta koma ba kowa sai ni da majajjawa.

Tsuntsaye suka iso da safiyar Talata. Malam ya riga ya ɗauki izini daga makaranta yana gida, na ruga na ce, "Malam, sun zo, taho ka kunna!" Ya fito, ya jiƙa yatsa da miyau ya ɗaga sama. Iska ta yi yawa, in ji shi, za ta karkatar da ita daga lissafi, sai gobe. Laraba iska ta kwanta, amma hedimasta da wani malamin gona da ya gayyato daga Safana ba su iso ba, kuma abu irin wannan ba a yin sa ba shaidu. Alhamis ya gano wani kuskure a shafi na ban san nawa ba, ya zauna ya sake bi daga farko.

Kwana ukun nan ba zan manta da su ba. Daga gonar maƙwabci sai ka ji fiii, dam! gorar maƙeri ta tashi. Tsuntsayen su tashi baƙi ƙirin, su yi kewaye guda, su duba ina ne ba hayaniya, su sauko mana. Wato abin nasa ba korar tsuntsu yake ba, tura wa na kusa yake, na kusan kuwa mu ne. Ina gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina jifa ina zagi, har muryata ta tafi. In na kore su gabas su sauka yamma. Mutum ɗaya ce ba ta ji tsoron bututun ba, Inna. Safe da yamma nakan hango ta can ƙarshen gona wajen fadama, da faifai a ka, tana ɓacewa cikin kara tana ɓullowa. Na ɗauka kuɓewa take tsinka, har na ji haushinta, na ce a raina gona tana ƙarewa tsohuwa tana ta miya.

Ranar Juma'a da hantsi aka taru. Mai gari ya zo, hedimasta ya zo da 'yan makaranta a jere, malamin gona ya iso a kan babur, Fulani suka tsaya nesa da sanduna a kafaɗa. Maƙerin ma yana nan, ya hau suri ya zauna. Kowa ya ja can bayan shinge. Malam ya sa farin wando da laktaye, ya yi jawabi rabi Hausa rabi Turanci a kan ilimi da jahilci da zamanin da ke tafe. Yana jawabin tsuntsaye suna ci a bayansa, ina kallonsu. Da ya gama ya kunna lagwani mai tsawo, ya dawo da sauri, ya toshe kunnuwa. Mu ma muka toshe.

Wuta ta bi lagwani ta shige gindin bututun. Shiru. Can sai muka ji wani huci, irin na ɗanyen itace a murhu. Hayaƙi mai wari ya fara fita ta ƙasa, kyandir ya narke yana ɗiga. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ƙafa ɗaya ta zame, ta kwanta a hankali a kan kara tana ta hayaƙi. Tsuntsayen da ke kusa suka tashi kamar kamu biyu, suka ga ba komai, suka koma kan abincinsu.

Wani Bafulatani ne ya fara dariya, daga nan kowa ya ɗauka. 'Yan makaranta suna yi, hedimasta yana zare musu ido yana danne tasa. Malamin gona ya tada babur ko sallama babu. Da hayaƙi ya lafa maƙerin ya sauko daga suri, ya je ya zura kara a gindin bututun, ya zaro, ya murza abin da ya maƙale. Ya dunƙule a yatsunsa kamar tuwon jiya. Bai yi dariya ba, wannan kam na shaide shi. Ya ce, "Ya sha ruwa, Malam." Malam ya ce lissafinsa daidai yake, maharba ne suka haɗa shi da albarushin banza. Har yau haka yake faɗa.

Shekaru da yawa bayan haka na ji wani shiri a rediyo a kan mutanen nan da suka je wata, na kasa kunne da kyau. Ashe masu lissafin da Malam ke taƙama da su ba zama kawai suka yi ba. Kowane yanki na abin sai sun ɗaure shi a ƙasa sun kunna, sun girgiza shi, sun ga inda zai gaza, kafin su haɗa su ɗora mutum a kai. Sun ƙone abubuwa ba iyaka, har rayuka sun rasa. Bambancinsu da masu a harba ta fashe a sake shi ne inda ake yin fashewar, a ƙasa gaɓa-gaɓa ko a sama gaba ɗaya, da kuma abin da kowa zai iya jure rasawa. Duka biyun suna kunna wuta su duba. Ƙanena ba ya cikin ko ɗaya. Tsoron a gan shi ya yi kuskure ne ya ɗaura wa laktaye ya kira shi taka-tsantsan. Maƙerin, duk da haukarsa, yatsansa ya fara sawa a gaba. Malam gonar Inna ya sa, wadda ba ta da ta biyu.

Maƙerin bai daɗe ba ya bar abin, bayan wata gora ta lasa wa rumbun surukinsa wuta, ya koma kan fartanya da lauje. Malam kuwa ya bar alli ya shiga ofis, ya yi ta hawa, ya zauna a kwamitoci masu nazarin yadda za a kawo wa ƙauyuka ruwa. Takardu kam an rubuta.

Amma bari in koma ranar Juma'ar. Da aka sauko daga masallaci na koma gona, maƙwabta suka turo yaransu tunda dodon ya mutu. Na ce su koma, ba abin da za a tsare. Na bi layi ina kama zangarniya ina murzawa, ƙaiƙayi kawai ke zuba a hannuna, har na gaji na bari. Na zauna a kan bututun, ya riga ya huce, na yi kuka, ni magidanci mai 'ya'ya uku. Ba yunwa nake wa kuka ba, muna da gero a rumbu. Tulun nan nake tunawa, da dusar da muka ci muna kallonsa.

Da la'asar na shiga gida ban san da wace fuska zan kalli Inna ba. Malam yana zaure, ya cire laktaye, yana jujjuya littafinsa. Inna ta fito ta ce, "Malam, taso." Ta nuna ni da haɓa, alamar ni ma. Muka bi ta, ta wuce bututun ko kallonsa ba ta yi ba, har ƙarshen gona inda gamba ta rufe wani lungu a bakin fadama. Ta bankaɗe ciyawar. Ga gajerun kara nan, kowanne da ƙullin takarda a kansa, an ɗaure da zaren kaba. Na ƙirga, ashirin da uku.

Ta lanƙwaso guda ta kwance. Zangarniyar tana nan fara tas, ido a cike, baki bai taɓa ta ba. Ta miƙa wa Malam takardar ya riƙe mata. Rubutunsa ne, layi-layi, da jan biro inda ya soke, ga kashin tsuntsu a kai.

"Ka ce babu sunan Allah a ciki, shi ya sa na yi ƙarfin hali," in ji ta. "Waɗanda ka yar ne kaɗai na samu, nan suka ƙare mini. Da ka ƙara yin kuskure, Malam, da mun tsira da fiye da haka."

Na duba fuskarta ko ba'a take. Wallahi ba ba'a ba ce, tsakani da Allah take faɗa, har da 'yar godiya a muryarta. Ta karɓi takardar daga hannunsa, ta sake naɗe zangarniyar, ta ɗaure, ta ce sai nan da sati uku za ta ƙosa. Malam ya tsaya yana kallon ƙasa.

Daga zangarniya ashirin da ukun nan muke shuka maiwar har yau, har dangin Inna na Babban Duhu sun zo sun ɗiba kafin ta rasu. Duk kaka nakan zaɓi guda uku masu kyau, in yagi takarda a littafin makarantar jikokina, in naɗe, in ɗaure da kaba, in ba mai mota ya kai masa Katsina. Bai taɓa aiko da godiya ba, bai kuma taɓa mayarwa ba.